Karagar Rano da Gonar Kibiya

A 2019 Gwamnan Kano Ganduje ya ɗaga darajar masarautar Rano, ɗaya daga Hausa Bakwai, aka buga tambari, gari ya ɗauka. Shekara guda kacal Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila ya yi a sabon matsayin, Allah ya karɓi abinsa. Hakimin Kibiya, Kabiru Muhammad Inuwa, ya gaje shi. A Mayun 2024 gwamnatin Gwamna Abba ta rushe masarautar, daga baya ta dawo da ita a daraja ta biyu da sabon sarki.

Sarakuna uku cikin shekara biyar!

Masu rataye farin cikinsu a ƙofar fada sun sha zullumi. Shi kuwa manomin Kibiya, mai duba rumbun dawarsa da hantsi, tsadar taki ce ke hana shi barci, ba rawanin kowa ba.