Gyaran Gida: Matakalar Katako da Tsohon Fenti

Wannan wata za mu duba gyaran matakala ta katako. Yawancin benaye a Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha matakalarsu ta siminti ce, amma akwai gidajen da aka shimfiɗa katako a kan tasu. Shawarar nan kuma ta shafi ƙofa da benci da teburin cin abinci.

Da fari, zaɓi lokaci. A damina katako yakan sha laima ya kumbura, banish kuwa ba ya bushewa da wuri. A Disamba da Janairu ƙurar hunturu takan manne masa tun yana ɗanye. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi dacewa a nan Kaduna.

Ka ƙwanƙwasa kowane taki da guduma. Wanda ya yi amon ganga, gara ta cinye cikinsa. Kira kafinta ya sāke shi, gama fenti ba ya mai da ruɓaɓɓen katako sabo. Ka nutsar da kan kowace ƙusa.

Yanzu ga babbar magana. Tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma. Amurka ta hana sa ta cikin fentin gida a 1978, amma an daɗe bayan haka ana sayar da irinsa a kasuwanninmu. In ka goge shi a bushe, garinsa zai bazu cikin gida. Yaro mai rarrafe ya taɓa, ya sa hannu a baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimi a makaranta, ba kuwa a gani sai daga baya. Mu tuna a 2010 yara fiye da 400 suka mutu a Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da aka niƙa a cikin gidaje.

Saboda haka, ka fitar da yara da mace mai ciki kafin a soma. Ka jiƙa fentin da ruwa kana gogewa, ka rufe hanci da baki. Kada ka ƙona shi da wuta. Uwargida, kada ki share wurin da tsintsiya, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma, a zubar da shi nesa da yara.

Bayan katakon ya bushe sarai, bi shi da samfefa mai kaushi, lamba 80, sa'an nan mai laushi, lamba 120, kana bin tsawon katakon. Shafa banish kaɗan-kaɗan sau uku, kana barin kwana ɗaya tsakani. Ka shafa taki ɗaya ka tsallake ɗaya, domin iyali su sami wurin takawa. A shafi na biyu ka barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi kaɗan, don kada santsi ya kā da kaka ko jika.

Sai wata mai zuwa. Ku huta lafiya.