John Forester: ya ƙwato wa mai keke mutunci, amma ya manta da yara



Ranar 14 ga Afrilun 2020 John Forester ya rasu a Amurka yana da shekara 90. Injiniya ne, an haife shi a Landan a 1929, ya girma a Kaliforniya. A farkon shekarun 1970 hukumar garin Palo Alto ta tilasta wa masu keke bin gefen titi tare da masu tafiya a ƙasa. Forester ya ƙi bin dokar, ya yi ta jayayya da hukuma. A 1976 ya fitar da littafinsa Effective Cycling.

Ra'ayinsa shi ne mai keke direba ne kamar kowa. Ya bi hannunsa, ya tsaya a danja, ya nuna hannu kafin ya karkata, sannan mai mota ya ba shi haƙƙinsa. Wallahi a nan ya yi gaskiya. Keke ba abin reni ba ne.

Inda na saɓa da shi: ya kwashe shekaru yana adawa da keɓe wa keke tasa hanya, yana ganin hakan korar mai keke ce daga titi. To amma jama'a, wannan shawara ta ƙarfafan maza ce masu gudu. Ɗan shekara goma fa? Tsoho fa?

Ku dubi Holan. A 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar, cikinsu yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, hukuma ta dinga gina hanyoyin keke dabam da na mota. Yau yara da tsofaffi kan keke suke zuwa ko'ina.

Mu ma tambayar ta shafe mu. A Maradi ko Damagaram, ɗan lakwal yana tuƙa keke tsakanin kamiyo da kabu-kabu, ko ya haddace dokar hanya kaf, jikinsa ne zai sha in aka yi karo. Mu koya wa yaranmu dokar kamar yadda Forester ya nace. Su kuma magadan gari, duk sanda za a shimfiɗa sabon titi, a bar wa mai keke fili nasa tun kan takarda.

Ku faɗi ra'ayinku: za ku bar ɗanku ya tafi lakwal kan keke a titin unguwarku?