SHARHI: Hitar wanka ta mutu a Jos: ladan mai gyara ne mafi ƙanƙanta a lissafi

Ma'aikacin tarayya da aka sauya wa wurin aiki daga Abuja zuwa Jos, ko Jami'ar Jos ce, ko asibitin koyarwa na JUTH, ko cibiyar NIPSS da ke Kuru, hunturun farko ne ke koya masa cewa ruwan zafi a garin nan ba ƙawa ba ne. Jos na zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu ruwan tanki da asuba kamar ƙanƙara yake. Ran da hitar bango ta daina aiki, shawara biyu ce ke gaban maigida: ya kira mai gyaran famfo, ko ya sayo sabuwa ya ɗaura da hannunsa.

A da ba ma'aikaci ke wannan tunani ba. Kafin gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus zuwa tsabar kuɗi daga 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati, gyaran gidan kwatas nauyin hukuma ne. Yanzu daga albashi yake fita, ko kuma a yi ta jayayya da mai gidan haya.

Mai son yi da kansa yana da hujja. Galibin hitocin nan, irin su Ariston ta Italiya, daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. Wanda ya biya kuɗin na'urar da ƙyar, ba abin mamaki ba ne ya ga ladan mai gyara a matsayin abin da za a iya tsallakewa.

Sai dai lissafin ya fara ne daga wurin da bai kamata ba. Sau da yawa tukunyar hitar lafiyarta ƙalau. Ƙarfen da ke zafafa ruwan ne ya ƙone, ko maɓallin da ke kashe wuta idan ruwa ya yi zafi ya lalace. Ana sayar da kowannensu daban, a kuɗin da bai kai na sabuwar hita ba ko kusa. Mai gyaran da ya san aikinsa zai gwada su kafin ya ce a sayi komai. Maigidan da ya tafi kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru kai-tsaye, yana iya jefar da na'ura mai rai don gudun biyan kuɗin dubawa.

Sannan ga abin da ba a ciniki a kansa. Hita wuri ne da ruwa da lantarki ke haɗuwa, a ɗakin da mutum ke tsayawa ba takalmi, jikinsa jiƙe. Idan ba a haɗa wayar da ke janye wuta zuwa ƙasa ba, kan famfon wankan ma na iya ɗaukar wuta. Idan aka toshe ɗan bawul ɗin da ke rage matsin ruwa, wai don yana ɗiga, tukunyar na iya fashewa. Tukunya mai lita 50 kuwa, cike da ruwa, ta haura kilo 60 a rataye a bango. Hitar bokiti da wasu ke komawa gare ta ba mafita ba ce. Yaro ya tsoma hannu kawai ya isa.

Babban kuɗin ma yana zuwa ne bayan an gama ɗaurawa. Zafafa lita 50 daga digiri 15 zuwa 60 na cin kusan yunit 2.6. A farashin rukunin Band A na Yulin 2024, wato N209.5, wannan ya kai wajen N550 a rana, fiye da N16,000 a wata, kusan rubu'in mafi ƙarancin albashi na N70,000. Girman hitar da aka zaɓa da yadda aka saita zafinta sun fi ladan yini ɗaya tasiri a kan mitar JED.

Inda gizo ke saƙa shi ne gane ƙwararre. Hukumar NEMSA na ba masu haɗa lantarki takardar shaida, Ma'aikatar Ƙwadago na shirya jarrabawar sana'a, ITF kuma, wadda hedikwatarta ke Jos ɗin, ta daɗe tana horar da masu sana'ar hannu. Amma da wuya a ga maigidan da ya nemi ganin takarda. Maigadi ko maƙwabci ne ke bayar da lambar waya. Ga shi kuma aikin na mutum biyu ne, mai famfo da mai wuta, amma akasari mutum ɗaya ke karɓar duka, ɓangaren wutar kuma shi ne wanda bai koya ba.