DUNIYA MAKARANTA: Ciyawar Roba A Bayan Gida

A wannan mako za mu leƙa bayan gidajen mutanen Amurka, inda wata al'ada ta kafu a tsakanin masu sha'awar wasan golf. Mutum ya kan ware wani ɗan fili a bayan ɗakinsa, ya shimfiɗa ciyawar roba, ya haƙa ramuka biyu ko uku, ya riƙa koyon jefa ƙwallo safe da yamma. Da ya ke yanzu ana sayar da irin wannan ciyawa a manyan biranenmu, ya kamata mu san yadda aikin ya ke kafin wani ya zuba kuɗinsa.

Ga wanda bai san wasan ba, a ƙarshen kowane zango na filin golf akwai wani dandali mai laushi da ke kewaye da rami. Faɗin ramin inci 4 ne da kwata. A nan ne ɗan wasa ke tura ƙwallo a hankali har ta faɗa, kuma a nan ne gwanaye ke yawan cin nasara ko su sha kaye. Saboda haka mai son wasan ya kan yi burin ya mallaki irin wannan dandali a gida. Shugaba Eisenhower ma sai da ya sa aka yi masa ɗaya a harabar fadar shugaban Amurka a 1954.

To, amma na Eisenhower ciyawa ce ta gaske, ita kuwa renonta sai mai hali. Kusan kullum sai an aske ta har ta koma ƙasa da kwatan inci, ga ban ruwa, ga taki, ga maganin ƙwari. Ta roba kuwa ta yi suna ne a 1966, sa'ad da aka shimfiɗa ta a rufaffen filin wasa na Astrodome da ke birnin Houston, bayan ciyawar gaske ta mutu a ciki don rashin hasken rana. Kamfanin Monsanto ne ya ƙera ta, aka sa mata suna AstroTurf. Daga filayen wasa ta gangaro gidaje, musamman a jihohin da ke fama da ƙarancin ruwa. A kudancin jihar Nevada, hukumar ruwa ta daɗe tana biyan masu gida kuɗi idan suka tuge ciyawarsu mai shan ruwa.

Abin da na ke so mai karatu ya riƙe shi ne, ciyawar da ido ke gani ita ce ƙaramin aiki. Babban aikin yana ƙarƙashinta. Da farko a kan zaɓi wurin da ruwa ba ya kwanciya, nesa da bishiya mai yaɗa saiwa. Sai a cire ciyawa da ƙasar sama, a haƙa zurfin kamar inci 4. A shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri wanda ke barin ruwa ya wuce amma ya hana haki tsirowa. Sa'an nan a zuba fasasshen dutse kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana danne shi da inji, a rufe da garin dutse mai laushi a bisa.

Duk wanda ya taɓa ganin mata suna daɓe a ƙauye ya san wannan aiki. Idan aka yi gaggawa, ba a buga madaɓi sosai ba, damina ɗaya ta isa ta tona asiri. Haka abin ya ke a nan. Ciyawar siririya ce, tsawon gashinta bai fi rabin inci ba, don haka ba ta ɓoye aibin ƙasa. Ɗan tudun da ido ba ya gani ya isa ya kautar da ƙwallo daga rami. Ana kuma barin ɗan gangare, abin da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, domin ruwan sama ya sami hanya. Idan gangaren ya yi yawa, ƙwallo ba za ta tsaya ba. Idan babu shi sam, dandali ya zama kududdufi. Tun ran gini ran zane.

Bayan an gama daɓe sai a kafa kofunan rami, bakinsu daidai da ƙasa. A warware ciyawar a bar ta ta sha rana domin ta miƙe. Idan falle biyu za a haɗa, wajibi ne gashinsu ya fuskanci gefe guda, a manne su da gam, a kafe gefuna da ƙusoshi. A ƙarshe a barbaɗa busasshen yashi mai tsabta, a share shi da buroshi har ya shige tsakanin gashin. Yashin nan shi ke danne ciyawar, shi ke kuma daidaita gudun ƙwallo.

Masu talla za su ce da an shimfiɗa an huta. Ba haka ba ne. Sai an riƙa share ganye, ana ƙara yashi, ana taje gashin. Robar kuma tana tsufa, bayan shekara 10 zuwa 15 a kan canza ta, ga shi ba ta ruɓewa a juji. Mafi muni shi ne zafi. A tsakar rana ta kan ɗauki zafin da ya wuce digiri 60, wanda zai iya ƙona tafin ƙafar yaro. Wanda ya sare bishiyar gidansa don ya sami wurin shimfiɗa ta, ya sayar da inuwa ya sayi wuta.

Mu ma a ƙasar nan mun daɗe da sanin wannan matsala ta ruwa. A wasu filayen golf namu, maimakon ciyawa, yashi a ke cuɗawa da mai a baje kewaye da rami, a share shi kafin kowane bugu. Dabara ce ta wanda ya dubi ƙasarsa kafin ya dubi ta wani.

Shawarata ga mai niyya ita ce, ya fara tambayar ma'aikacin zurfin da zai haƙa, da irin dutsen da zai zuba, da inda ruwa zai bi. Idan ya kasa amsawa, ya koma yabon korewar ciyawa, to a sallame shi. Kada kuma a bi araha, don araha ba ta ado. A bar wa yara wurin wasa, a bar bishiya a tsaye.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.