Kwanciyar Rai A Ƙasar Baƙunci

Jama'a, duk ɗan Arewa da ya baro gida ya zo Ikko ko Badun ko Fatakwal neman na tuwo, zuciyarsa a rabe take biyu. Rabi tana bakin aiki, rabi tana can gida wurin iyaye da yara. Waya ta yi ƙara da tsakar dare, sai gaba ya faɗi tun ba a ɗauka ba.

Wannan fargaba kuwa tana da dalili. An yi rikici a kasuwar Mile 12 a watan Maris na 2016, an ƙone kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021, an hana acaɓa a wasu sassan Ikko a Yunin 2022, kana cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya sa kuɗin mota zuwa gida ya gagari mutane da yawa. Daga gida kuma labarin 'yan bindiga ba ya yankewa. To, ina mai bin Almasihu zai sami kwanciyar rai a irin wannan hali?

A ganina amsar tana cikin wasiƙar da Annabi Irmiya ya aika wa Yahudawan da Sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Su ma baƙi ne, hankalinsu na gida. Wani mai suna Hananiya ya tashi yana cewa cikin shekara 2 kowa zai koma. Irmiya ya ƙaryata shi, ya ce zaman zai kai shekara 70. Ya umarce su da su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su kuma riƙa yi wa garin da suke ciki addu'a, gama lafiyar garin ita ce tasu.

Watau bai yi musu alkawarin wahala za ta kau gobe ba. Abin da ya tabbatar musu shi ne Allah bai manta da su ba, kuma Allahn da ke Urushalima shi ne a Babila. Wanda ya gaskata haka yana iya barci ko da bai san abin da gari zai waya da shi ba. Manzo Bulus ma daga kurkuku ya rubuta wa masu bi na Filibi cewa su mai da damuwarsu addu'a tare da godiya.

Amma fa a yi hattara, don irin su Hananiya ba su ƙare ba. Akwai masu sayar da mai da ruwa a kwalba, suna cewa cikin kwana 7 arziki zai buɗe. Maigadi ya kai albashinsa, kwanakin su cika, ya dawo da damuwa biyu. Salamar Almasihu ba hajar kasuwa ba ce.

Wani zai ce ai wannan naɗe hannu ne. Ko kusa. Mai firgici shi ne wanda ba ya iya komai sai yaɗa jita-jita: ya ga hoto a waya, bai san na yaushe ba ne, ya tura wa mutum 20, kafin azahar unguwa ta ɗauki zafi. Mai natsuwa yakan bugo gida ya tabbatar, ya sanar da Sarkin Hausawa ko 'yan sanda in da haɗari, ya yi adashi don ranar buƙata. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, Musulmi da Kirista duk mun yarda da wannan.

Sa'an nan kada mutum ya ɗauki kayansa shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma majami'u irin su ECWA da COCIN suna da rassa a manyan garuruwan Kudu inda ake sujada da harshenmu. A nemi ɗaya a shiga. Mata su riƙe Zumuntar Mata, maza su san wanda ya kwanta rashin lafiya da wanda aka sallama daga aiki. Maƙwabci kuwa, ko Bayarabe ne ko Ibo ko ɗan'uwanmu Musulmi na rumfar kusa, a sa shi cikin addu'a da suna, gama da wuya ka ji tsoron mutumin da kake yi wa addu'a kullum.

Allah ya kiyaye na gida, ya kiyaye na Kudu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.