Marubuci Ne Ko Ɗan Koli?

Jama'a, akwai wata shawara da ake ta raɗa wa marubutanmu na intanet, wai idan suna son masu karatu su riƙa biyan kuɗin wata-wata, to su haɗa musu da tukuici: kofi mai sunan littafi, riga mai hoton jaruma, mayafi, ko kwalbar humra. Ni dai na ce wannan shawara guba ce, kuma mai karatu na ƙauye zai fara shan ta.

Mu fara da inda aka aro abin. Kamfanin Patreon na Amurka, wanda aka kafa a 2013, ya buɗe tsarin ba masu biya kyautar kaya a 2019. To amma can kamfanin ne ke ɗaukar nauyin buga kayan da aikawa, gidan waya ya kai har ƙofar gida, marubuci na zaune yana rubutunsa. Mu nan wa zai kai? Direban tasha, bayan kira goma da cacar baki kan kuɗin saƙo. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ɗauki mai karatu da ke Kakangi, a ƙaramar hukumar Birnin Gwari. Tsakanin Kaduna da Birnin Gwari kaɗai ya haura kilomita 100, a hanyar da 'yan bindiga suka shafe shekaru suna tarewa. Ko sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, bai rage kuɗin mota ba, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Idan kayan sun iso gari, sai kuma a nemi mai babur da zai ƙarasa da su. Kuɗin kawo kofin sai ya ninka kuɗin kofin.

Saboda haka ɗayan biyu ne. Ko dai a ce wa baiwar Allah ta Kakangi ta biya kuɗin aike, ko kuwa ta haƙura da kyautar alhali kuɗin da ta biya daidai yake da na 'yar Zoo Road. Ita ce ke nan ke saya wa 'yan birni kofi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi!

Abin takaicin shi ne, babbar nasarar littafin waya ita ce ya rushe wannan katanga. A zamanin Adabin Kasuwar Kano, lokacin da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino ke tashe, sai littafi ya bar Kano a mota kafin ya isa shagon haya, garin da ke nesa da kwalta kuwa sai ya tsufa ake ganin sa. Yau shafin da aka saki a WhatsApp ko ArewaBooks yana isa Kakangi a daidai lokacin da ya isa Fagge, muddin akwai sabis. Mutanen yankin sun ɗanɗani rashin sabis a 2021, da aka katse layukan waya kusan wata biyu. Yanzu kuma mu da hannunmu za mu sake mayar da su 'yan bora?

Sannan ga shi kansa marubucin. Ba a tauna taura biyu. Wanda ya wuni a Kantin Kwari yana taya mayafai, ya kwana yana ɗaure ƙunshi da amsa ƙorafin wadda kwalbarta ta fashe a hanya, yaushe zai zauna ya gyara labari? Da ma muna kukan littattafan da ake karɓar kuɗinsu a yi shafi ashirin a ɓace. Ranar da kuɗin kaya ya cinye ribar, labarin ne zai fara mutuwa.

Na san abin da za a ce: marubuta na shan wahala, wasu marasa tsoron Allah suna fitar da littafin kuɗi su watsa kyauta, dole a samo abin da ba ya kwafuwa. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce marubuci ya yi aikin banza. Amma kofi ba ya hana ɓarawo tura shafi. Wanda ya zo don humra, ran da ya samu mai araha a wani wuri zai tafi. Wanda ke tsayawa da kai shekara da shekaru shi ne wanda labarinka ya hana shi barci.

In har sai an ba da abin riƙewa a hannu, to a ba da littafin. A tara kuɗin a buga shi idan ya kammala, marubuci ya sa hannu, a aika sau ɗaya a shekara ta hannun mutum guda a kowane yanki. Wannan ko shekara 20 ya yi a adaka yana nan, jikoki ma su karanta. Okadabooks ya rufe a 2023, kowa ya ga yadda rumbun intanet ke iya ɓacewa dare ɗaya.

Marubuta, ku cika alƙawarin shafi a kan lokaci, ku kammala abin da kuka fara. Tukuicin da muke biya dominsa ke nan. Allah Ya ƙara basira, amin.