Gargaɗi a kan Ƙasusuwan Magabata



Ya ku malamai da almajirai na Birnin Kebbi da Argungu, ku sani wani ilimi ya bayyana a wannan zamani. Masana sukan niƙa ɗan yanki na ƙashin kunnen mamaci, su karanta ƙwayoyin gado da ke cikinsa, su ce ga danginsa, ga asalinsa. A 2020 sun bayyana abin da suka karanta daga yara huɗu da aka binne a Shum Laka ta ƙasar Kamaru, biyu daga cikinsu shekara wajen 8,000 ke nan.

Ƙasarmu kuwa cike take da makwantai: ga kufan Surame, birnin Kanta, ga kaburburan sarakunan Kabi a Argungu, ga hubbaren Shehu Abdullahi a Gwandu. To, in mai bincike ya zo, wa zai ba shi izini? Mamaci ba ya cewa i ko a'a.

Ni ban ce ilimin nan haramun ne ba. Amma a mazhabar Malik kabari hubusi ne ga mai shi, ba a tone shi sai da lalura. Kuma abin da aka karanta a ƙashi, hukunci ne a kan nasabar rayayyu. Ku tuna an ci Birnin Kebbi da yaƙi a 1805, gaba ta daɗe, har Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934. Magana ɗaya a kan asali, in ta faɗa bakin jahili, ta isa ta fama tsohon miki.

Saboda haka nake kira ga sarakuna da malamai su rubuta sharuɗɗa tun kafin a kawo diga. Na farko, takardar hukuma ba ta wadatar, sai magada da jama'ar wurin sun yarda. Na biyu, a bayyana musu nufin aikin da Hausa, suna da ikon ƙi. Na uku, su fara jin sakamako kafin duniya ta ji. Na huɗu, a mayar da ƙashi makwancinsa, ko mai shi ya rigayi zuwan Musulunci, domin ɗan Adam ne.

Wanda ya kiyaye alfarmar matattu, na baya za su kiyaye tasa. Allah ya sa mu cika da imani.